Darasin Sadarwa a Manyan Makarantun Kaduna: Tsakanin Halin Malami da Himmar Ɗalibi

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da cewa Gwamnatin Tarayya ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa wanda aka amince da shi a ƙarshen 2022, ta mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Tun daga lokacin ake ta kai-komo a gidajen rediyo da Facebook, kuma kusan duk muhawarar a kan firamare ta tsaya. Amma akwai wani ɗaki da maganar ke ƙarewa a cikinsa wanda ba a cika leƙawa ba, wato ɗakin lakcar da ake koya wa sababbin ɗalibai darasin sadarwa a kwalejoji da jami'o'i. A can ake ganin abin da shekara goma sha biyu na firamare da sakandare suka haifar. A can ne kuma ake jin ƙorafi iri biyu masu karo da juna: malami na cewa yaran yanzu ba su da himma, maki kawai suke nema, ɗalibi kuma na cewa malamin ne ya kashe masa gwiwa tun makon farko. Uban da ke biyan kuɗin makaranta ya rasa wanda zai gaskata, ga ɗansa ya kammala difloma amma rubuta takardar neman aiki sai an taya shi.

## Wane darasi ake nufi

Kalmar sadarwa kan kai hankalin mutane ga aikin jarida ko kamfanonin waya. Ba su ake nufi a nan ba. Ana maganar kwas ɗin dole ne da kowane ɗalibi ke ɗauka, ko injiniya yake karanta ko akanta ko aikin jinya, domin ya iya sauraro, ya iya karatu da fahimta, ya iya rubuta wasiƙa da rahoto da taƙaitaccen bayani, ya kuma iya tsayawa gaban jama'a ya faɗi abin da ke bakinsa.

Sunansa ya danganta da makaranta. A kwalejojin kimiyya da fasaha, irin su Kaduna Poli da Nuhu Bamalli ta Zariya, ana kiransa GNS, kuma ɗan difloma kan bi ta GNS 101 da 102 a shekarar farko, 201 da 202 a ta biyu. Hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, ce ke tsara manhajar, kuma hedikwatarta a nan cikin garin Kaduna take. A kwalejojin ilimi, kamar ta Gidan Waya, lambar GSE ce, ƙarƙashin hukumar kula da kwalejojin ilimi, NCCE. A jami'o'i kuwa, sabuwar manhajar CCMAS da hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar a Disamban 2022 ta sa GST 111 a matsayin darasin sadarwa da Turanci na ajin farko. Abin da ya haɗa su duka shi ne ba a kammala karatu sai an ci su. Wanda ya faɗi sai ya maimaita, ko da ya fi kowa a sashensa.

## Me ake nufi da hali, me ake nufi da himma

In an ce halin malami, mutane da yawa kan ɗauka fara'a ko tsanani ake nufi. Abin ya fi haka faɗi. Ya ƙunshi zaton da malami ke yi wa ɗalibansa tun kafin su buɗe baki, da yadda yake karɓar kuskure, da darajar da shi kansa yake ba kwas ɗin, da ko yana duba jingar da ya bayar ya mayar da ita da gyara. Akwai malami mai tsanani wanda ɗalibai ke rububin ajinsa saboda sun san zai karanta abin da suka rubuta. Akwai mai barkwanci wanda ba a ƙaruwa da shi da komai.

Himma kuma iri-iri ce. Wasu masana biyu a Kanada, Robert Gardner da Wallace Lambert, da suka fara nazarin masu koyon Faransanci a Montreal tun a ƙarshen shekarun 1950, sun bambanta mai koyon harshe don wata buƙata, kamar aiki ko cin jarrabawa, da mai koyonsa don yana son cuɗanya da masu harshen. Mafi yawan ɗalibanmu a rukunin farko suke, kuma ba laifi ba ne. Matsalar tana zuwa ne idan buƙatar ta ƙanƙance ta koma "a dai samu a haye", domin mai neman hayewa kawai zai haddace ma'anar suna da aikatau da sifa, ya zubar da su a takardar jarrabawa, ya fita bai iya haɗa sakin layi ɗaya ba.

Edward Deci da Richard Ryan a Amurka sun ƙara wani haske a shekarun 1980. A bayaninsu himmar da ke ɗorewa tana buƙatar mutum ya ji yana da ta cewa a abin da yake yi, ya ji yana ci gaba, ya kuma ji waɗanda ke tare da shi sun ɗauke shi mutum. Duk ukun suna wucewa ta hannun malami.

## Me ya sa wannan darasi ya bambanta

Ɗalibi zai iya ƙin malamin lissafi, ya koma ɗaki ya buɗe littafi ya koya shi kaɗai. Magana ba ta koyuwa haka. Sai an buɗe baki, an kwafsa a gaban mutane, an gyara, an sake. Saboda haka yadda malami ke karɓar kuskure shi ne ƙashin bayan darasin, ba wani ƙari ba ne a gefe.

A ɗauki abin da ke faruwa kusan kowane zango. Malami ya nuna wani saurayi a tsakiyar aji ya ce, "Kai mai farar riga, tashi ka gabatar da kanka." Yaron ya taso daga sakandaren gwamnati a Igabi ko Giwa, ya miƙe yana riƙe da gefen benci. Harshen Hausa ba ya raba sautin "p" da "f" yadda Turanci ke yi, haka ma "b" da "v", don haka kalma ta uku da zai furta sai aji ya fashe da dariya. Daga nan abu biyu ne ke iya faruwa. Wani malamin zai maimaita kalmar yadda yaron ya faɗe ta, ya ƙara da tambayar wace makaranta ce ta yaye shi. Yaron zai zauna, kuma da wuya a sake jin muryarsa har ƙarshen zango. Bencin baya zai koma, in ma ya ci gaba da zuwa. Wani malamin kuma zai ɗaga hannu ya tsayar da dariyar, ya ce, "Ci gaba, muna jin ka," ya bar shi ya kai aya. Bayan nan ya je allo ya nuna wa kowa inda leɓe da haƙori ke haɗuwa a sautin ɗaya da inda leɓɓa biyu ke haɗuwa a ɗayan, ya kuma tuna musu cewa kowane harshe na barin tambarinsa a bakin mai shi, har da na waɗanda suka yi dariyar. Minti biyar ne duka, manhaja ɗaya, aji ɗaya.

Haka abin yake a rubutu. Bahaushe na cewa "Musa ya tafi", suna da wakilin suna a jere, sai ɗalibi ya kwashe wannan gini ya kai Turanci, inda ake ɗaukarsa kuskure. Malamin da ya san tushen abin zai warware shi cikin zama ɗaya. Wanda bai sani ba, ko bai damu ba, jan biro zai zagaye wurin da shi ya rubuta maki biyu cikin goma, ɗalibin kuma ya ci gaba da yin kuskuren har ranar kare aikin kammalawarsa.

Masanin harshe Stephen Krashen ya kwatanta fargaba da wani shinge da ke tare abin da kunne ya ji kafin ya zauna a kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a kalmomin da ya sani sarai suka gudu, ya san abin da ake nufi. A wurinmu akwai ƙarin nauyi, domin tarbiyyar gida ta koya wa yaro sunkuyar da kai da rage murya gaban babba, musamman 'ya mace. Darasin sadarwa kuwa cewa yake a ɗaga kai, a dubi mutane, a ɗaga murya. Malamin da bai lura da wannan ba zai fassara kunya da rashin sani, ko ma da taurin kai.

## Ruwa ba ya tsami banza

Raunin da ɗalibai ke shigowa da shi ba ƙage ba ne. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙi amincewa da yadda aka yi gwajin har ta shiga yajin aiki, kuma har yau ana saɓani a kan adalcinsa. Abin da ba a musu a kai shi ne yaran da ke firamare a wancan lokaci su ne ke shiga manyan makarantu a 'yan shekarun nan.

Sannan da yawansu sun taso a makarantun da ake cin tarar wanda aka kama yana "banakula", wato magana da harshen gida, ko a rubuta sunansa a yi masa bulala. Niyyar ita ce a tilasta Turanci. Abin da yaro ya fi koya shi ne yin shiru ya fi aminci.

A ɓangaren malamai ma akwai dalilai. Darasin sadarwa kwas ne na hidima: malaminsa daga sashen harsuna ko na darussan gama-gari yake zuwa, ɗaliban ba nasa ba ne, ba zai sake ganinsu ba bayan zango. Sau da yawa ana haɗa sassa da dama a babban ɗaki ɗaya, mutum ɗaruruwa, wani lokaci babu lasifika ko babu wuta. A yi lissafi mai sauƙi: aji mai mutum 300, in za a ba kowa minti uku ya yi magana sau ɗaya tak, awa 15 ke nan, alhali kwas mai awa biyu a mako bai fi awa 30 ba a zango mai mako 15. Rabin lokacin ya tafi a kan magana ɗaya. Duba rubutun mutum 300 da gyara na gaskiya kuwa aikin makonni ne. Shi ya sa ake komawa ga karanto bayani ɗalibai na rubutawa, da jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu, wadda kwamfuta ke iya dubawa cikin minti kaɗan amma ba ta iya auna ko mutum ya iya magana.

Ga kuma batun horo. Galibi ana ɗaukar lakcara ne bisa digirinsa a fanninsa. Sanin adabin Turanci ko nahawu daban, sanin yadda ake sa mai jin kunya ya yi magana daban. Abin lura shi ne Kaduna ce mazaunin Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, tun 1976, amma aikinta ya fi karkata ga malaman firamare da sakandare. A ƙara da matsin rayuwa: yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, da tsadar sufuri da abinci tun bayan cire tallafin mai a 2023. Malamin da ke koyarwa a wuri biyu ko uku don ya riƙe gida ba shi da sauran haƙurin da aji irin wannan ke buƙata. Ɗalibin da ya taso daga Rigasa ko Maraban Rido da kuɗin mota ƙididdigagge shi ma zai zaɓi lakcar da zai halarta, kuma GNS ce ta farko da ake sadaukarwa.

## Abin da kowane ɓangare ke riƙe da shi

Masu kare malamai na cewa babbar makaranta ba wurin koyar da baƙi da wasali ba ne. Ɗalibi ya zo da shaidar WAEC ko NECO da ke cewa ya ci Turanci, in ya kasa rubuta jimla laifin na can baya ne, har da satar jarrabawa. Suna ƙarawa da cewa sassauci ya fi tsanani illa, domin duniyar aiki ba za ta lallashi kowa ba, kuma malamin da ke raba maki don a so shi cutar ɗalibi yake yi. Wannan hujja tana da ƙarfi ta fuskar mizani. Rauninta shi ne tana haɗa tsaurara mizani da wulaƙanci wuri ɗaya, alhali ana iya hana maki ba tare da an kunyata mutum ba.

Ɗalibai kuma na cewa ba gyara suke ƙi ba, tozarci suke ƙi. Suna ambaton malamin da ba ya zuwa sai jarrabawa ta matso, da wanda ke ɗaura makin gwaji a kan sayen littafinsa ko takardun darasinsa, da jingar da ake karɓa ba a sake jin labarinta. Akwai gaskiya a nan, kuma hukumomin makarantu da yawa sun sha haramta tilasta sayen irin waɗannan takardu, wanda ke nuna matsalar sananniya ce. Sai dai laifi tudu ne. Ɗalibin da bai karanta littafi ko ɗaya ba a shekara, wanda ke kwafo jinga daga intanet ko ya sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa, ba zai ɗora wa malami komai da komai ba.

Shugabannin makarantu nasu bayanin na kuɗi ne da gurabe: ba a ba su damar ɗaukar isassun malamai ba, ɗalibai kuma ƙaruwa suke. Asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na gina ɗakuna yana kuma tura malamai ƙaro ilimi, amma albashin sabon malami ba daga can yake fitowa ba.

Bincike fa? Gwajin da aka fi ambato shi ne na Robert Rosenthal da Lenore Jacobson da aka wallafa a 1968. A wata firamare a Kalifoniya an gaya wa malamai cewa wasu yara na dab da yin fice, alhali da ka aka zaɓo sunayensu. A ƙarshen shekara yaran sun fi takwarorinsu ci gaba, musamman a ƙananan azuzuwa. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna tasirin zaton malami gaskiya ne amma bai kai girman da aka fara ba shi ba, kuma ya fi bayyana a kan ɗaliban da dama ake yi wa kallon raini. Ma'ana, kyakkyawan hali ba zai cike giɓin shekara goma sha biyu cikin zango ɗaya ba, amma mummunan hali ya fi cutar da wanda ya fi rauni. Kuma abin yana tafiya ta fuska biyu: aji mai sanyin jiki na kashe gwiwar malami, malamin da gwiwarsa ta mutu na ƙara sanyaya ajin.

## Hausa a cikin ajin Turanci

Nan ne sabuwar sanarwar ta fi rikita mutane. A manyan makarantu Turanci ne harshen koyarwa tun asali, saboda haka a takarda babu abin da ya sauya. Ministan ya kafa hujja da yawan faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen uwa. Masu suka sun amsa cewa tsarin 2022 bai taɓa aiki sosai ba saboda rashin littattafai da malamai, don haka ba za a ɗora masa faɗuwar ba. Suna kuma tuna gwajin Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida ana ba su Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba.

Abin da zai iya sauyawa shi ne yanayi. Malamin da dama ke ganin harshen gida cikas ne zai ji an ƙarfafa masa gwiwa. Wanda ke jefa jimla ɗaya ta Hausa don ya warware wuri mai wuya zai iya ɗari-ɗari. A Kaduna kuwa batun na da wani lanƙwasa, domin aji ɗaya na ɗauke da Bahaushe da Bagwari da Bajju da Atyap da Adara da Bafulatani da Bayarabe da Ibo. Da yawansu na jin Hausa, amma ba duka ba, kuma malamin da ya zarce da Hausa na minti goma ya ware wasu kamar yadda mai dogon Turanci ke ware wasu. Malaman da suka ƙware kan yi amfani da harshen gida a taƙaice, wajen kwatanta ginin jimla ko sauti, su koma Turanci nan take, su kuma raba aji ƙungiya-ƙungiya ta mutum biyar ko shida masu harsuna daban-daban, ta yadda Turancin zai zama buƙata ta gaske tsakaninsu. Wannan dabara ce kuma ke rage matsalar lissafin da aka yi a sama, tunda ƙungiya hamsin na iya magana a lokaci guda.

## Inda abin ke taɓa talaka

Na farko aljihu ne. Faɗuwa kwas ɗin dole na iya jawo ƙarin zango ko shekara, da sabon kuɗin rajista da na haya da na mota. Ko bayan ragin kuɗin makarantun jiha da Gwamna Uba Sani ya yi a 2023, da bashin karatu na NELFUND da ya fara a 2024, ƙarin shekara nauyi ne a gidan da ke da 'ya'ya uku ko huɗu a layi.

Sai lokacin fita. Ɗalibin fasaha zai je horon sanin makamar aiki na SIWES ya cika littafin aiki ya rubuta rahoto, zai kare aikin kammalawa gaban malamai, zai zauna gaban masu tantance ma'aikata. Akwai matasa masu hannu, waɗanda za su kwance inji su ɗaure, da ke rasa gurbi saboda minti goma na ganawa. Ma'aikaciyar jinya da ba ta iya rubuta bayanin miƙa aiki sarai ba, ko magini da ya kasa fahimtar takardar kwangila, kuskurensu kan wasu yake faɗawa.

Mafi nisan tasiri yana kwalejojin ilimi. Takardar NCE da kwalejojin ke bayarwa ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, kuma wanda ke zaune yau a ajin GSE a Gidan Waya ko Zariya shi ne zai tsaya gaban 'yan aji ɗaya a Birnin Gwari ko Kauru nan da shekara uku, ƙarƙashin dokar da ta ce da Turanci zai koyar da komai. Ba kalmomi kaɗai zai tafi da su ba. Yadda aka yi masa ranar da ya kwafsa a gaban aji, da dariya ko da "ci gaba, muna jin ka", shi ne abin da ya gani ana yi, kuma akwai yara sittin ko fiye da ke jiransa a aji ɗaya.